Gasaya da Birnin da Ya Rufe Ƙasarsa

A watan Janairu na shekarar 1824 Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya shigo Kano. Daga cikin abubuwan da ya rubuta a kan birnin akwai cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ganuwa ta kewaye ba. Sauran duk gonaki ne da lambuna. Masu gina badala, tun daga Sarki Gijimasu wanda tarihin Kano ya ce ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, sun san cewa garin da aka yi wa ƙawanya yunwa ce ke fara cin sa kafin mashi, saboda haka suka kewaye mutane tare da ƙasar da za ta ciyar da su.

Yau mai tafiya daga Ƙofar Mata zuwa Ƙofar Mazugal sai ya yi da gaske kafin ya ga ƙasa tsirara da faɗinta ya kai tabarma biyu. Rabon gado ya tsaga manyan gidaje zuwa ƙanana, an cike kududdufai da dama an yi gini a kansu, lunguna sun sha siminti, tsakar gida ta sha tayil. A cikin wannan akwai alheri da ba ya musuntuwa: taɓo ya ragu, shara ta yi sauƙi, yara sun daina kwasar caɓi zuwa ɗaki. Sai dai akwai wasu tsofaffin mazauna birnin da ba a yi shawara da su ba, su ne ganyayyakin da ke fitowa da kansu da zarar ruwan farko ya sauka: tafasa, lalo, rukuɓu, da gasaya. Ba a taɓa shuka su ba, don haka ba a taɓa ware musu wuri ba. Da ƙasa ta rufe, sai suka janye ba tare da kowa ya lura ba.

Ganyen da ba shi da gona

Kowace ƙasa tana da irin wannan ganye. A Turai akwai wata 'yar ciyawa mai laushi da ke rarrafe a gefen lambu, masana na kiranta Stellaria media, mutanen Ingila kuma suka raɗa mata suna da 'yan tsaki domin kaji na son ta. Manomi na cire ta, mai hikima na tsinkar ta ya ci. Ita sanyi da danshi take so, zafin Afrilun Kano ba zai bar ta ta kwana biyu ba. Wadda ke riƙe da matsayinta a ƙasar Hausa, wato ta fito ba gayyata, a raina ta, kuma a ci ta, ita ce gasaya.

Gane ta ba wuya ga wanda aka taɓa nuna wa. Ganyenta a rabe yake kamar tafin hannu, galibi 'yan yatsu biyar a kan doguwar tsinkiya guda. Karanta yana da 'yan gasu masu ɗan danƙo, wani kore, wani da shuɗi-shuɗi mai ja. In aka murza ganyen yana da wari mai ƙarfi da ba ya ɓuya. Furenta fari ne, wani lokaci da ɗan ja-ja, da dogayen zaruruwa da ke miƙewa waje kamar ƙafafun gizo-gizo. Bayan fure sai siraran kwanso masu ɗauke da ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe, a naɗe kamar gidan dodon koɗi. Masana na kiranta Cleome gynandra, wasu kuma Gynandropsis gynandra. Likitan nan J. M. Dalziel, wanda ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya wallafa a 1916, ya tarar da Hausawa sun riga sun ba irin waɗannan ganyayyaki sunaye ɗaya bayan ɗaya, abin da ke nuna cewa sun daɗe a cikin tukunya.

Inda ta fi so shi ne inda mutum da dabba suka bar saura: gefen turken awaki, tsohon juji, kango, bayan murhu inda ake zubar da toka. Da wuya ka same ta can cikin dokar daji nesa da gari. Ta fi kama da maƙwabciyar da ke zaune a bayan katanga tana cin abin da gida ya zubar, sannan ta mayar da shi ganye.

Tsiro guda a bakin rariya

A wani lungu na unguwar Koki akwai wata tsohuwa da ta haura saba'in, wadda aka kawo aure birni daga wani ƙauye na kudancin Kano tana yarinya. Shekara da shekaru tsakar gidanta daɓen ƙasa ne, kuma kowace damina gasaya na fitowa a kusurwar da ake ɗaure akuya. Ba ta taɓa ɗaukar ta a matsayin shuka ba. In ta ga ta yi kyau ta tsinka, in ta tare hanya ta sa yaro ya nome.

Da 'ya'yanta suka sami hali, sai suka yi mata abin da kowane ɗa nagari zai yi: suka sa aka malale tsakar gidan da siminti, don kada ta zame a taɓo. Ta sa musu albarka, kuma har zuciyarta ta ji daɗi. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, kusurwar akuya fes. Sai a damina ta uku, bayan simintin ya ɗan dare a bakin rariyar da ruwa ke fita, wani ɗan tsiro ya leƙo. Ƙwayar ta kwanta a ƙarƙashi tana jira, ko kuma ruwa ne ya kawo ta daga wani wuri. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Jikarta, ɗalibar sakandare, ita ke shara da safe. Ta sunkuya za ta tuge shi, sai tsohuwar ta ɗaga murya daga bakin ƙofa.

"Ke kishiya, cire hannunki."

"Haba Iya, ciyawa ce fa."

"Ciyawa ce a idonki. Ƙirga min ganyen."

Yarinyar ta ƙirga, ta ce biyar. Tsohuwar ta ce ta murza ta sansana. Ta yamutsa fuska. "To ita ce gasaya," in ji kakar. "Uwarki ta ci ta, ni na ci ta, wadda ta haife ni ta ci ta. Ke ce farkon wadda ba ta san ta ba a gidan nan."

A bakin rariya ruwan wanki da na sabulu ke bi, ƙafa kuma ba ta rabuwa da wurin. Don haka da yamma, bayan rana ta yi sanyi, tsohuwar ta jiƙa wurin, ta sa tsohon cokali ta haƙo tsiron da ɗan dunƙulen ƙasarsa, ta mayar da shi cikin bokitin fenti da aka huda wa gindi. Daga ranar abin da ya saba zuwa kyauta ya zama abin reno.

Abin da take so da abin da ba ta so

Renon gasaya a mazubi ba shi da wuya, amma yana da ƙa'idoji, kuma kowace ƙa'ida tana da dalili.

Na farko zurfi. Gasaya tana da saiwa guda mai nitsewa ƙasa, shi ya sa dashe ke wahalar da ita in ta girma, shi ya sa kuma faffaɗan kasko mara zurfi ba ya yi mata. Bokiti ko tsohon buhun da aka naɗe wa baki ya fi. Dole gindin ya zama a huje, domin duk juriyarta ba ta jure kwanciyar ruwa. A watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi yawa a Kano, bokitin da aka bari a ƙarƙashin indararo zai ruɓar da saiwar cikin 'yan kwanaki. Tsohuwar ta ɗora nata a kan bulo biyu, nesa da inda ruwan soro ke zuba.

Na biyu ƙasa. Jigawa mai sauƙi, a gauraya da kashin awaki da ya bushe ya tsufa, da ɗan toka. Ɗanyen taki yana ƙona ƙaramin tsiro. A nan ne ya kamata mazaunin birni ya yi hattara, domin jujin yau ba irin na da ba ne. A da, abin da ke cikinsa toka ne da ƙaiƙayi da kashin dabbobi, har manoman kewayen Kano ke zuwa da jakuna su kwashe zuwa gona. Yanzu akwai matattun batura, ledoji, ragowar fenti da baƙin mai. Ganye yana zuƙar abin da ke cikin ƙasar da ya tsaya a kai, har da ƙarafa masu guba irin su dalma, kuma tafasawa ba ta fitar da su. Gasayar da ta yi kore shar a bakin kwata ko a gaɓar Jakara, inda dattin birni ke malala, kyanta a ido ne kawai. A kan juji kuma zaƙami ma na fitowa, wanda gubarsa sananniya ce. Wannan kaɗai ya isa hujjar a koya wa yaro gane ganye da sunansa kafin a aike shi tsinka.

Na uku rana. Gasaya ba ta son inuwa. A lungun birni inda benaye suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, samun rana ya zama aiki. Tsohuwar kan sa a ja bokitin daga gabas zuwa yammacin tsakar gida, ana bin hasken kamar yadda ake bin sa da shanya.

Na huɗu ruwa, kaɗan-kaɗan amma a kai a kai. A unguwar da ake sayen jarka a wurin 'yan garuwa ba wanda zai zuba wa ganye ruwan saye da yawa, kuma ba a buƙatar haka. Ruwan wankin shinkafa ko ragowar buta ya isa, matuƙar ba sabulu a ciki. Sai dai in ƙishi ya matsa mata, takan yi gaggawar yin fure tana ƙarama, ganyen ya ƙanƙance. Tsiro ne da ya saba da damina mai gardama: in ya ji alamar mutuwa, sai ya bar ganye ya nufi iri.

Daga nan ne ƙa'ida ta biyar ta fito, wadda ta fi kowace muhimmanci, wato tsinke kai. Bayan mako huɗu zuwa shida da fitowa, ana iya fara cira. Duk lokacin da aka tsinke tohon sama tare da hudar furen da ke shirin buɗewa, sai karan ya fitar da rassa a gefe, kowane reshe da sabon ganye. Wanda ya ji tausayinta ya ƙi tsinka, zai samu doguwar sanda mai fure da ganye kaɗan. Wanda ke tsinka duk mako zai ci ganye har ƙarshen damina. In ƙananan ƙwari suka fara huda ganyen, ko darɓa ta taru a toho, barbaɗa toka da sassafe yana rage su. Kaji kuwa sai dai a ɗaga bokitin ko a kifa masa tsohon kwando.

Dalilin da zafi bai dame ta ba

Abin da tsohuwar ta sani da ido, cewa gasaya na ƙara kyau a lokacin da wasu ganyayyaki ke laushi da rana, masana sun gano tushensa a cikin ganyen. Tsirrai na haɗa abincinsu daga hasken rana da iska da ruwa, amma ba duka ke bin hanya ɗaya ba. Shinkafa da alkama na bin hanyar da ake kira C3, wadda ke yin asara mai yawa in zafi ya tsananta. Dawa, gero, masara da rake na bin hanyar C4: suna tara iskar da suke buƙata a wasu keɓaɓɓun ɗakuna na cikin ganye, saboda haka ba sai sun buɗe ƙofofin numfashinsu sosai ba, ruwan jikinsu kuma ba ya tsiyayewa da sauri. Gasaya 'yar wannan rukuni na biyu ce, abin da ba kasafai ake samu ba a ganyayyakin miya.

Wannan ya sa ta shiga manyan ɗakunan bincike. Tana da dangantaka ta kusa da wata 'yar ciyawa mai suna Arabidopsis, wadda masana suka fi nazari a duk tsirran duniya, ita kuma C3 ce. Kwatanta su biyun na taimakawa wajen fahimtar yadda hanyar C4 ta samo asali. Masu bincike a Jami'ar Kambirij ta Ingila sun daɗe suna amfani da ita a kan wannan tambaya, wadda ke da alaƙa da burin samar da shinkafa mai jure zafi. Ganyen da ake nomewa a bayan turke, ana shuka shi a ɗakin gilashi a Turai ana auna tsawonsa.

Sunan da yunwa ta ɓata

To me ya sa ake raina ta a gida? Amsar tana cikin tarihi. Gasaya da 'yan uwanta na fitowa ne a farkon damina, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero kuma bai nuna ba. A shekarar lafiya cike giɓi suke yi. A shekarar fari su ne abincin. Ƙasar Hausa ta ga yunwar Kakalaba a 1914, ta 'Yar Buhu a 1927, ta 'Yar Gusau a 1942, sannan farin 1973 da na 1984. Michael Mortimore, wanda ya shafe shekaru yana nazarin manoman ƙasar Kano, ya nuna yadda ganyayyaki da 'ya'yan itatuwan daji suka riƙe gidaje da dama a farin shekarun 1970. A yankin Maraɗi ma, lokacin ƙarancin abinci na 2005, ga tsirran daji mutane suka koma. Wanda ya ci abu cikin wahala, in ya samu sauƙi yakan so ya manta da shi, ya kuma hana 'ya'yansa saninsa. Haka gasaya ta ceci mutane, ta fito da sunan abincin talaka.

A wasu wurare labarin ya juya. A Kenya, inda Kisii ke kiranta chinsaga, ana noma ta a gona, ana sayar da ita a manyan kantunan Nairobi, ana dafa ta da madara don rage ɗacin, ana kuma ba masu ciki da masu jego. Ganyen na ɗauke da sinadarin ƙarfe mai taimaka wa jini, da na ƙarfafa ƙashi, da bitamin A da C. A Kano kuwa, bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, hauhawar farashin abinci a Nijeriya ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024 bisa ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Bokiti guda na gasaya ba zai ciyar da gida ba, kuma ba wanda zai ce zai yi. Amma alayyahun da ake kawowa daga lambu da mota yana ɗauke da kuɗin mai a farashinsa, wadda ta fito a tsakar gida kuwa ba ta hau mota ba.

Girkinta a gidan Koki bai sauya ba daga yadda tsohuwar ta gada. A tsinke ganyen, a wanke, a tafasa, a zubar da ruwan farko mai ɗaci, a matse. Sai a kwaɗa da garin ƙuli-ƙuli, albasa, tumatir, yaji, gishiri da ɗan man gyaɗa. Doguwar tafasa na rage bitamin C, don haka ƙaramin toho, wanda ɗacinsa bai yi ƙarfi ba, ya fi tsohon ganye ta kowace fuska. Abin da ya yi saura a shanya a inuwa, a adana don rani. Jikar ta ɗanɗana loma guda a karon farko ta ce akwai ɗaci. Kakar ta ce ɗacin ne sunanta. A karo na uku yarinyar ce ta nemi ƙari.

Iri

Da damina ta doshi ƙarshe, tsohuwar ta hana a ƙara taɓa reshe guda. Ta bar shi ya yi fure, ya yi kwanso. A nan ma akwai lissafi: kwanson gasaya in ya bushe a jikin kara yakan tsage ya watsar da ƙwayoyinsa, kuma a da wannan ne ke tabbatar da dawowarta baɗi, domin ƙasa ce ke karɓa. A kan siminti tsintsiya ce ke karɓa. Saboda haka dole a cire kwanson da zarar ya fara rawaya, a ƙarasa busar da shi a faranti, a murje, a sheƙe.

Sabon irin gasaya ba ya saurin tsira. Yana da wani barci da sai ya yi watanni a ajiye kafin ya farka, dabarar da ke hana shi fitowa da ruwan ƙarshen damina ya mutu a hunturu. Wanda ya shuka shi nan take ya ga shiru zai zaci irin ya lalace, alhali lokacinsa ne bai yi ba. In lokacin ya zo kuma, yayyafa shi ake yi a sama a rufe da ƙasa kaɗan, domin ƙwayar ƙarama ce, in ta nitse ba za ta iya fitowa ba. Bayan mako uku a rage cunkoso, a ci waɗanda aka cire.

Tsohuwar ta raba irin gida uku, ta ƙulle kowanne a takarda. Ƙulli ɗaya ta sa a cikin kwalla, inda take ajiye abin da ba ta so ya ɓata. Na biyu ta aika wa wata maƙwabciya da ita ma aka malale mata tsakar gida. Na uku ta miƙa wa jikar, ta ce ta rubuta sunan a jiki da watan da aka cire, ta ajiye a wurin da ba danshi, kuma in ruwan farko ya sauka baɗi ita za ta nemo bokiti.